Basfa da Dawar Baba a Kan Kwalta

Duk wanda ya taɓa zama kusa da Kawunku Iro a wajen suna ko ɗaurin aure ya ji labarin yadda na faɗi da basfa. Yakan miƙe tsaye, ya kama iska da hannu biyu ya murɗa, ya yi ƙarar inji da baki, ya ce uwarku ta taho kamar an harbo ta daga bakin bindiga. Ku kuma ku yi ta dariya, ku dubi wannan ƙafa tawa da ba ta lanƙwashewa a sallah, ku ce dama Mama ba ta da haƙuri. Rashin haƙuri kam ina da shi, ban taɓa musu ba. Amma ranar nan ba gudu na yi ba. Yanzu Baba da Inna duk sun riga mu gidan gaskiya, kuma ga autata Hauwa ta fara maganar a saya mata ɗan babur na zuwa makaranta, tana cewa ita ai ba mai gudu ba ce kamar Mama. Wannan maganar tata ce ta sa na ga gara in faɗi abin yadda ya faru. Sharaɗina guda ne. Kada wanda ya karanta ya je ya gyara wa Kawunku labarinsa. Ku bar shi ya ci gaba da murɗa iska.

Da na gama sakandare aka ɗauke ni aikin malamar gona ta ɓangaren mata. Malaman gona maza ba su shiga cikin gidaje, iyakarsu zaure, alhali rabin abin da ke lalata amfanin gona a cikin gida yake faruwa: yadda ake zuba hatsi a rumbu, yadda ake ajiye iri, kajin da ke mutuwa duk shekara ba wanda ya san dalili. Aikina ke nan, in shiga in zauna da mata mu yi magana. Gidanmu yana gefen Ƙarfi, bakin titi, ofis yana Malumfashi, ƙauyukan da aka ba ni kuma suna warwatse ta wajen Gozaki. Motar ofis guda ce, kowa na jiranta. Sai a sauke ni a ƙauye da hantsi a ce za a dawo da azahar, in zauna gindin kuka har rana ta yi ja, matan da na gama yi wa bayani suna leƙo ni ta katanga suna tausaya mani. Wata rana kuma motar ba ta zuwa ko kaɗan, in yini a ofis ina kallon maza suna tayar da baburansu suna tafiya. Ban daɗe ba na ce wannan ba aiki ba ne, zaman jira ne, kuma ni ban iya shi ba.

A lokacin akwai a-kori-kura a gidanmu. Baba ya saye ta hannu na biyu shekarar da auduga ta yi kyau, yayana Iro ke tuƙa ta, yana jigilar tumatir da rake daga Danja. Don haka da na kawo magana, mota na fara ambata. Na ce a koya mani, ranar da Yaya Iro ba shi da lodi in riƙa ɗauka. Inna tana tankaɗe ta ajiye rariyar. Ƙanenta a cikin babbar mota ya rasu a hanyar Zariya, tun daga nan ba ta kiran mota da sunanta, sai dai ta ce makara mai taya.

"Kande, in dai ina numfashi ba za ki zauna bayan sitiyari ba. Wancan ma da yake namiji, kullum ya fita sai na yi ta addu'a har ya dawo."

Wancan shi ne Yaya Iro, ɗan fari, ba ta faɗin sunansa. Shi kuwa yana gefe yana shan rake, ya ce, "Inna, bar ta ta koya mana. Kwana biyu ta rushe mana zaure, mu huta da gyaran rufinsa."

Baba bai yi dariya ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mani, shi ya sa yake ce mani Uwata, kuma ba ya yanke magana a kaina da sauri. Ya yi kwanaki yana tambayar mutane, sannan ya kira ni ya ce ya samo mafita. Babur irin na maza ba zai yiwu ba, don sai an ware ƙafa a kan tanki, mace da zani ba ta wannan a gaban jama'a. Amma ya ga wata ungozomar asibiti a Funtua a kan basfa, ta zauna kamar a kujera, ƙafafu a haɗe a kan faranti, zaninta bai motsa ba.

"Ga ta ƙarama," in ji shi, "ga ƙafarki kusa da ƙasa. In abu ya ɓaci sai ki sauke ƙafa ki tsaya, kamar keke. Mota in ta ƙwace, wa ke riƙe ta?"

Inna ta yarda nan take. Ni ma na yarda, don abin da nake so shi ne in daina jira, ko a kan jaki ne. Ina so ku lura da wannan: ba sakaci ya sa aka zaɓa mani basfa ba. Mutum biyu masu tsoron kada wani abu ya same ni suka zauna suka zaɓi abin da idonsu ya nuna masu ya fi sauƙi. Ƙaramin abu, mai ƙaramar murya, wanda yaro zai iya turawa. Wa zai ji tsoronsa?

Muka je Funtua wajen wani makaniki, Lasisi. Bayarabe ne amma a Funtua aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa gishiri. Yana da wata basfa shuɗiya da ya gyara ta sayarwa. Ya dube ni, ya dubi Baba, ya goge hannu da tsumma.

"Baba Malam, ita za ta hau?"

"Ita."

"Ta taɓa hawa keke?"

Na ce, "Na taɓa, kuma ina da baki, ni za ka tambaya."

Ya ce, "To, Malama mai baki, ki ji. Ni da basfa nake ci, ba zan zage ta ba. Amma sabon hannu dole ya yi kuskure, ko ɗan waye. In a mota ne, ƙarfe ke karɓar kuskuren, a kawo mani in buga shi ya miƙe. A kan wannan, fatarki ce za ta karɓa, ni kuma ban iya gyaran fata ba."

Baba ya ce, "Kai dai ka ce ba ka son ciniki."

"Ina so mana, Baba. Ina da 'ya'ya. Na dai faɗa ne don kada gobe a ce Bayaraben nan bai faɗa ba."

Aka yi dariya, aka yi ciniki. Ya haɗa mani da hular kwano ya ce in ban sa ba ya janye cinikinsa. Da Inna ta gan ni da ita ta ce na yi kama da wadda ta kifa tukunyar miya a ka. Ba ta zama a kan ɗauri, sai na koma ɗaura ɗan ƙaramin kallabi a ƙarƙashinta. Na sa ta kullum, kuma ba don ita ba da babu mai rubuta maku wannan.

Lasisi ne ya koya mani, a filin ƙwallon wata firamare. Giya da kuloci a hannun hagu, totur da birkin gaba a dama, birkin baya a ƙafa. Ya koya mani in ɗaure gyale a ƙirji kada ya shiga taya. Ya koya mani rairayi, ya koya mani akuya, wadda ya ce ba ta da alƙawari, ya koya mani iskar babbar mota in ta wuce ka. Abin da ya fi nanatawa shi ne birkin gaba. Ya ce in abu ya firgita ni, hannuna zai so ya damƙe shi, kada in bari, ƙafa ce ke tsayar da basfa. Na ce na ji. Na kuwa ji ɗin, har na iya maimaita mashi da irin muryarsa.

Ba zan ɓoye maku ba, watannin da suka biyo baya suna cikin mafi daɗin da na yi a duniya. Basfa tana bin hanyar da mota ba ta bi. In ratsa tsakanin gonaki, ganyen dawa yana dukan kafaɗata, in tsallaka rafi ta kan duwatsu ina turawa, in ɓullo a ƙauyen da ba a taɓa ganin ma'aikaciyar gwamnati ba. Mata su ji ƙarar tun daga nesa su fara shimfiɗa tabarma. Wata tsohuwa a wani ƙauye bayan Gozaki takan shafa kujerar ta ce, "Ke 'yar nan, wannan abin naki namiji ne ko mace?" In yi ƙauye uku kafin la'asar in dawo gida da ƙwai a cikin gyale. Ban taɓa faɗuwa ba, ko sau ɗaya, kuma na fara ɗauka na iya.

Kakar shekarar nan dawa ta yi yawan da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Takin zamani ya shigo, ruwa ya yi daidai, dami ya cika ko'ina har ba wurin sa ƙafa. Murna ce ga maza. Ga mata kuwa sussuka ce, daga asuba taɓarya ke tashi a kowane gida har magariba. To a lokacin an sake zuba wa titinmu kwalta sumul, sai mutane suka gano dabara. A kwance dami a shimfiɗa zangarniya a kan titi daga wannan baki zuwa wancan, manyan motocin auduga su bi ta kai su murje ta, a share a sheƙe, aikin mako ya ƙare a yini guda. Direbobi ma sun saba, wani har ya rage gudu ya bi ta inda aka nuna mashi, a jefa mashi rake. Baba da farko ya ƙi. Ya ce abinci ne, ba ya zuba shi ƙarƙashin taya. Ni na dame shi. Na ga Inna tana ɗaga hannu da ƙyar ta ɗauko ludayi, na je na same shi a zaure.

"Baba, dawar da za a wanke a surfa a niƙa a dafa, taya ce za ta ɓata ta? Kafaɗar Inna fa? Ita ba a sayar da sabuwa a kasuwa."

Ya ce, "Uwata, bakinki ya fi ki girma." Amma da aka kwana biyu ya ce wa Yaya Iro ya ɗauki 'yan ƙwadago su fitar da dawar gandu bakin titi.

Ranar na dawo daga wajen Gozaki da yamma, rana da sauranta. Tun daga nesa na hango su, Yaya Iro da mutanensa da tsintsiyoyi, dawa ta rufe kwalta ja wur. Wata tasi tana gabana, ta bi ta kai, na ji ƙaras-ƙaras, fasinjojin ko juyowa ba su yi ba. Na rage gudu na dawo giya ta biyu. Mai tafiya da sauri a ƙasa zai iya jerawa da ni. Niyyata in sauka gefen titi in zagaye, amma gefen cike yake da dami da buhuna, kuma a madubi ina ganin wata babbar motar auduga tana tahowa a bayana. Sai Yaya Iro ya cire hula yana kaɗa mani ita.

"Taka mana, Malama! Ke ma ki yi wa gidanku aiki!"

Na yi dariya na shiga. Abin da ba wanda ya yi tunaninsa, ni da shi da Baba da Lasisi, shi ne tun safe motoci ke murzar dawar nan. Zangarniyar da ke sama fanko ce. A ƙarƙashinta tsabar dawa ce zalla, ƙwaya-ƙwaya a kan kwalta mai santsi. Mota tana da taya huɗu masu faɗi da nauyin da ke danne su. Ni ina da biyu, kowace ba ta fi faifai ba. Na ji tayar gaba ta tafi inda ban aike ta ba. Na san abin da aka ce in yi. Kaina ya san shi sarai. Amma kafin kaina ya gama faɗa, hannuna ya riga ya damƙe birkin gaba. Basfa ta kwanta ta dama, ɓangaren da injin yake, gwiwata a ƙarƙashi. Hular kwano ta bugi kwalta, na ji ƙarar a haƙorana. Da na buɗe ido, abin da na fara gani tayar babbar motar nan ce, a tsaye, kusa da ni har ina ganin ƙwayoyin dawa maƙale a zanenta. Direban ya sauko yana salati. Yaya Iro shi kaɗai ya ɗaga basfar ya jefar gefe kamar kwando.

Gwiwar ta fashe. A asibiti suka yi abin da za su iya, suka ɗaure ƙafar tun daga cinya har idon sawu, likita ya ce zan taka amma ba za ta koma yadda take ba. Aka dawo da ni ɗakin Inna. A nan na ji cewa a ranar, kafin magariba, Baba ya sa an kwashe dawar nan duka daga titi, wadda ta murzu da wadda ba ta murzu ba, an maido ta gida. Ya sa an jingina basfar bayan rumbu an rufe ta da tsohuwar tabarma. Taɓarya ta dawo. Ina kwance ina jin Inna da matan maƙwabta suna sussuka a tsakar gida, kowane bugu kamar a gwiwata.

Baba ya canza. Mutum ne mai son hira da cin tuwo da yawa, sai ga kwanonsa yana dawowa daga zaure kusan yadda aka kai shi. Ba ya shigowa inda nake. Yakan tsaya a bakin ƙofa, bayan labule, ya ce, "Uwata, ya ƙafar?" In ce da sauƙi, ya ce Allah ya ƙara, in ji takunsa ya tafi. Yaya Iro kuwa yakan shigo ya ajiye mani lemo ko tsire ya yi ta zuba labarin Danja yana kallon bango. Ta bakin Inna na ji hukuncin: aiki ya ƙare. Da ƙafa ta warke, in zauna gida.

Kwanciya tana sa mutum tunani ko ba ya so. Na yi ta juya abin ina neman inda na yi wauta, don in na same shi zan san abin da zan gyara. Ban samu ba. Abin da na yi ta tunawa shi ne lokacin da Yaya Iro yake koyon a-kori-kura. Ya taɓa taka totur a maimakon birki ya tura ta cikin katangar maƙwabcinmu. Ya taɓa zurma ta rami da lodin rake. Duk biyun ya fito yana karkaɗe riga, aka sayi fitila, aka gyara katanga, aka yi mashi tsiya na mako guda. Kuskurensa da nawa iri ɗaya ne, gaɓa ce ta yi abin da aka hana ta saboda firgici bai saba da ita ba. Shi ya biya da fitila, ni na biya da gwiwa. Ba ina cewa mota ba ta kisa ba. Ƙanen Inna yana kabari, kuma da na daɗe ina tuƙi na gane tsoron mai mota ya kamata ya fi yawa a kan wanda ke waje. Abin da nake cewa shi ne, sabon hannu bai san abin da bai sani ba. An koya mani rairayi da akuya. Ba wanda ya koya mani dawa, don ba wanda ya san dawa abin koyarwa ce. Hanya kullum tana da wani abu da malaminka bai taɓa gani ba, kuma ranar da ka gamu da shi, tambayar ita ce me ke tsakaninka da ƙasa. Hauwa, wannan sakin layin naki ne, ki sake karanta shi.

Da aka kwance ɗaurin na fara takawa da sanduna, shugabar sashenmu ta zo duba ni. Ta ce suna so na, amma ba za su bar ƙauyukan nan ba kowa ba har ruwa ya sauka, lokacin rabon iri ne. In ban dawo ba kafin shuka, za su sa wata. Bayan ta tafi na ɗauki sandunana na nufi zaure. An idar da azahar, Baba yana zaune a kan buzu, Yaya Iro yana bakin ƙofa yana wanke wani ƙarfen mota a cikin kwano. Na ji Inna ta biyo ni ta tsaya bayan ƙofar cikin gida. Na zauna da ƙyar, ƙafar a miƙe, na faɗi abin da ya kawo ni. Na shirya gardama, na tanadi amsar duk abin da zai ce. Sai bai yi gardama ba.

"Uwata, ni na zaɓa maki abin hawa, na zaɓa ba daidai ba. Yaron nan na Funtua ya faɗa mani, na mayar da shi wasa. Ni kuma na sa aka zuba dawa a titi. Mutumin da ya yi wa ɗiya guda kuskure biyu, ba ya sake yanke mata shawarar hanya. Ki zauna inda idona ke ganinki. Shi ke nan abin da na iya."

Da faɗa ya yi, da na san yadda zan yi da shi. Na buɗe baki in ce ai ni na matsa a kai dawar titi, sai Yaya Iro ya jefa ƙarfen cikin kwano.

"Wai wace dawa, Baba? Kullum dawa, dawa. Ni fa ina wurin. Masu babur nawa suka wuce ta kai ranar nan lafiya lau? Gudu ta yi. Ta taho kamar an koro ta, ina ɗaga mata hula ta tsaya, ina! Ko ba dawa a titin nan sai ta faɗi, in ba ranar ba wata rana."

Na dube shi. Ba mai babur ko ɗaya da ya bi ta kan dawar nan, duk sauka suke su tura ta gefe, shi da bakinsa ya gaya mani a asibiti. Kuma mu biyu mun san abin da hular nan ta ce. Bai dube ni ba. Ya ci gaba.

"Halinta ne, ba za ta canza ba. In an zaunar da ita gida, mu za ta haukata. A sa ta cikin ƙarfe kawai, inda in ta yi haukan za ta fito da ƙafarta. Ga mota nan. Ni zan koya mata, ta riƙa fita da ita ranakun aiki."

Daga bayan ƙofa Inna ta ce, "Mota? Kai, wancan, ka san abin da kake faɗa?"

"Inna, wadda kike tsoro na shiga rami da ita na fito ina dariya. Wadda kika yarda da ita, ga aikinta nan a miƙe gabanki."

Baba ya ce, "Kai kuma jigilar taka fa? Lokacin tumatir ne."

"Masu manyan motoci suna neman direba. Ba zan rasa ba."

Ku da kuka san Kawunku a matsayin direban motar wasu har tsufansa, daga wannan zaman abin ya fara. A-kori-kurar nan ita ce jarinsa, da ita yake shirin aure. Ya ajiye ta a gabana yana zagina.

Baba ya ɗago, karo na farko tun ranar da na faɗi ya dube ni ido cikin ido.

"Uwata, ke ba ki iya ɓoye magana ba, ko ta kashe ki. Gudu kika yi?"

Na ga abin da ke gabana sarai. In na ce a'a, na faɗi gaskiya, laifin ya koma kan zaɓinsa da dawarsa da hular ɗansa, ya ci gaba da mayar da kwano cike, ni kuma in tsufa a ɗakin Inna ina da gaskiyata. In na ce e, laifin ya zama na yarinya mai rawar kai, abin da uba ya san yadda ake yi da shi. Amma zai bi ni. Duk wanda ya ga ƙafar nan zai ce ita ta ja wa kanta, kuma ni da ban taɓa barin magana ta wuce ni ba, sai in zauna in ji ana faɗa in yi shiru. Yaya Iro ya koma wanke ƙarfen da ya riga ya wanku.

Na ce, "Na yi gudu, Baba."

Ya ja dogon numfashi. Sai faɗa ya ɓalle. Ya ce dama ya sani, tun ina rarrafe haka nake, ban taɓa shiga ƙofa ban buge ta ba. Ya ce an kai ni makaranta an koya mani komai ban da natsuwa. Ya ce na kusa kashe uwata da tsoro, na sa shi ya kwashe dawa rabi a murje kamar mahaukaci, mutanen gari suna kallo. Muryarsa tana ƙara ƙarfi, irin wadda muka sani, har maƙwabta suka ji. Na sunkuyar da kai na saurara har ƙarshe, ban tanka ko kalma guda ba, bai kuwa tsaya ba sai da aka kira la'asar. Ya miƙe ya ɗauki buta, ya tsaya a bakin zaure.

"In na ji an ce kin wuce keke a hanya, na karɓe makullin motar." Ya leƙa cikin gida. "Ke, akwai sauran tuwon nan na rana?"

Inna ta ce akwai. Yaya Iro ya zubar da ruwan kwanon, ya zo ya kama ni ta hammata ya tayar da ni, ya miƙo mani sandunan. Har lokacin bai dube ni ba.

"Gobe da hantsi, filin makaranta," ya ce. "Kuma kada ki zo mani da silifas."